Gwamnan Babban Bankin Najeriya: Kujerar da Aka Gina Don Ta Iya Cewa A'a

Mutum biyun da ke jikin takardar naira dubu ba su taɓa shugabantar Najeriya ba, ba sa kuma cikin sahun su Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Azikiwe da Awolowo, waɗanda hotunansu ke kan sauran takardun. Ɗaya Alhaji Aliyu Mai-Bornu ne, ɗayan Dakta Clement Isong. Gwamnonin Babban Banki ne, na biyu da na uku. Tun Oktoban 2005 takardar ke yawo a hannun jama'a, amma da wuya ka sami mai ƙirga ta a kasuwa da zai faɗa maka sunayensu. A zamaninsu gwamnan banki ba mutum ne da ake jin muryarsa ba. A farkon 2023 kuwa, har tsohuwar da ke sayar da daddawa a kasuwar ƙauye ta san sunan Emefiele, gwamnan bankin na lokacin, ba kuma da alheri take ambatonsa ba. Tsakanin wancan shiru da wannan hayaniya akwai tarihin kujerar da ƙarfinta ya wuce yadda yawancin mutane suke zato, rauninta kuma ya wuce yadda doka ta nuna.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a san abin da ke hannun mai kujerar. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ɗora wa bankin abubuwa biyar: daidaita farashi da darajar kuɗi, buga kuɗin ƙasa, tsare asusun ajiyar kuɗaɗen waje, kula da lafiyar bankuna, da zama bankin gwamnatin tarayya mai ba ta shawara. Gwamna shi ne shugaban ma'aikata, shi ne shugaban hukumar gudanarwar bankin, shi ne kuma shugaban kwamitin mutum 12 da ke zama duk bayan wata biyu ya ƙayyade kuɗin ruwa. Shugaban ƙasa ke naɗa shi, Majalisar Dattawa ta tantance, ya yi shekara biyar, ana iya ƙara masa biyar sau ɗaya tak. Idan shugaban ƙasa na son tsige shi, sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun amince. Minista ba shi da wannan kariya; ana iya sallamarsa da sanarwa ɗaya a rediyo.

Me ya sa aka killace wannan kujera haka? Saboda kowace gwamnati a duniya tana son kashe fiye da abin da take samu, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ta sa a ƙirƙiro mata kuɗi. Haraji yana jawo zanga-zanga, bashi yana buƙatar mai bayarwa ya yarda, amma kuɗin da Babban Banki zai rubuta a asusun gwamnati ba ya buƙatar yardar kowa. Illarsa ba ta fitowa nan take. Sai bayan watanni, a farashin kwanon masara da kuɗin mota. Don haka aka ga ya dace a ajiye mutum ɗaya a bakin wannan ƙofa wanda ba zai ji tsoron rasa aikinsa ba idan ya ce wa wanda ya naɗa shi ba zai yiwu ba. Da wannan ma'auni nake auna duk wanda ya zauna a kujerar.

Turawan mulkin mallaka ba su so a kafa bankin ba tun farko. Daga 1912 wata hukuma ce da ke Landan take buga kuɗin Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, kuma aikinta bai wuce musanya ba: a kawo mata fam ɗin Ingila, ta ba da fam ɗin Afirka ta Yamma daidai wa daida. Da ƙananan bankunan 'yan ƙasa suka riƙa durƙushewa a farkon shekarun 1950, 'yan majalisa suka taso da maganar babban banki. Aka turo wani jami'in Bankin Ingila mai suna Fisher, ya rubuta rahoto a 1953 cewa lokaci bai yi ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake fargaba a lokacin shi ne 'yan siyasa za su mayar da bankin wurin ɗibar kuɗi. Akwai raini a cikin wannan magana, akwai kuma son kare moriyar Landan, sai dai tarihi bai ƙaryata ta gaba ɗaya ba. Rahoton wani jami'in daban mai suna Loynes na 1957 ne ya buɗe hanya, aka yi doka a 1958, banki ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959, gwamnansa na farko kuma Bature ne daga Bankin Ingila, Roy Fenton.

Aliyu Mai-Bornu, haifaffen Yola, tsohon malamin makaranta da ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Bristol, shi ya karɓa a 1963, ɗan ƙasa na farko. Isong ya gaje shi a 1967, daidai lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke, kuma a hannunsa ne aka fara gane cewa takardar kuɗi makami ce. A Janairun 1968, Cif Awolowo na kwamishinan kuɗi, gwamnatin Gowon ta canja takardun fam, ta yadda tarin kuɗin da ke hannun Biyafara ya zama takarda kawai. Bayan yaƙi aka ba masu ajiya na yankin fam 20 kowannensu, ko nawa ne a asusunsu, abin da har yau bai bar zukatan mutanen Gabas ba. Isong ne kuma ya kawo naira a ranar 1 ga Janairun 1973, naira biyu a kan fam ɗaya.

Malam Adamu Ciroma, wanda Murtala ya naɗa a 1975, tarihi ya karanta a Ibadan, aikin jarida ya yi a New Nigerian, kuma bai cika shekara biyu ba ya bar kujerar ya nufi siyasa. Ola Vincent ya biyo baya. Wanda ya fi kowa daɗewa shi ne Alhaji Abdulƙadir Ahmed na Jama'are, daga 1982 zuwa 1993. Ya yi aiki da Shagari, da Buhari, da Babangida, da Shonekan. Ana iya karanta wannan daɗewa a matsayin shaidar ƙwarewa, ana kuma iya karanta ta a matsayin shaidar cewa kujerar ba ta tsone wa kowa ido ba, domin ba ita ke yanke hukunci ba. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki, ta canja launin naira, ta ba mutane kwanakin da ba su kai mako biyu ba su kai tsofaffin kuɗi banki. A Satumbar 1986 Babangida ya buɗe kasuwar gwanjon dala ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Naira da a 1980 ta fi dala daraja, a 1987 sai an ba da kusan huɗu kafin a sami dala ɗaya, zuwa 1993 kuma an haura 20. A duk waɗannan, barikin Dodan, fadar mulkin soja a Legas, ne ke yanke shawara, banki ya aiwatar.

Zamanin Abacha, da Paul Ogwuma a kujerar, shi ne ƙarshen lalacewa. An daskarar da farashin gwamnati a kusan naira 22 kan dala alhali a kasuwa ta haura 80, wanda duk ya sami dala a farashin gwamnati ya yi arziki kafin ya fita daga harabar banki. Hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin ɗari a 1995. Takardun da gwamnatin Amurka ta shigar a kotu daga baya sun nuna an fitar da fiye da dala biliyan 2 daga Babban Banki ta hanyar wasiƙun neman kuɗin tsaro, wasu a tsabarsu. A 1997 ma sai da aka yi doka aka mayar da bankin ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, kafin a warware a 1998. Masu rubuta dokar 2007 da wannan tabo a ransu suka rubuta ta, shi ya sa suka yi wa gwamna katanga mai tsawo.

Charles Soludo ne ya fara nuna abin da kujerar za ta iya idan shugaban ƙasa na bayanta. A Yulin 2004 ya tara shugabannin bankuna ya ce kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, ko ya haɗe da wani, ko ya rufe. Bankuna 89 suka koma 25. A wannan guguwa ce Bank of the North ya narke cikin Unity Bank. Obasanjo ya tsaya masa, magana ta zauna. Shi dai Soludon ne kuma ya nuna iyakar kujerar. A Agustan 2007, wata ɗaya bayan Gana ta cire sifili huɗu daga sidi, ya sanar cewa zai cire sifili biyu daga naira, naira ɗari ta koma naira ɗaya. Marigayi 'Yar'aduwa bai ba da izini ba, doka kuwa ta ce sauya fasalin kuɗi sai da amincewar shugaban ƙasa. Cikin kwanaki kaɗan aka jingine shirin. Kujera ɗaya, mutum ɗaya, shugaban ƙasa ne ya canja. A wannan shekarar ce kuma aka cire rubutun ajami daga takardun naira 5 zuwa 50, abin da Arewa ba ta manta ba.

Sanusi Lamido Sanusi ya zo daga First Bank a Yunin 2009, ya tarar da manyan bankunan da aka haɗa sun kumbura da basussukan da aka zuba a kasuwar hannun jari da harkar mai, waɗanda ba za su dawo ba. Ranar 14 ga Agusta ya kori shugabannin bankuna biyar a zama ɗaya: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, ya zuba musu naira biliyan 420. Bayan zagaye na biyu na bincike kuɗin ceton ya kai biliyan 620. Cecilia Ibru ta Oceanic ta amsa laifi a 2010, aka yanke mata wata shida, aka ƙwace kadarori masu ɗimbin yawa. Aka kafa AMCON ta sayi munanan basussuka. Masu ajiya ba su yi asarar kuɗinsu ba. Masu hannun jari ne suka ji a jikinsu, kuma wasunsu har gobe suna ganin an zalunce su. Ya kuma ƙayyade wa shugabannin bankuna shekara goma, dokar da ta sa Jim Ovia ya sauka daga Zenith a 2010, mataimakinsa ya hau. Sunan mataimakin Godwin Emefiele.

Sanusi bai iya shiru ba, wannan ne ƙarfinsa, shi ne kuma abin da aka kama shi da shi. Ya ce Majalisar Tarayya na cinye kashi 25 na kuɗin gudanarwar gwamnati, aka kira shi gaban sanatoci ya ƙi janyewa. Ya kare tsarin bankin da ba ya karɓar kuɗin ruwa har Jaiz ya buɗe a 2012, duk da sukar da ya sha. Ya goyi bayan cire tallafin mai a Janairun 2012 lokacin da talakawan Kano ke kan titi suna adawa da hakan. A Satumbar 2013 ya rubuta wa Shugaba Jonathan cewa kamfanin NNPC bai shigar da dala biliyan 49.8 asusun tarayya ba. Bayan an zauna an daidaita lissafi adadin ya sauko, shi kuma ya tsaya a kan biliyan 20 a gaban kwamitin Majalisar Dattawa. Ranar 20 ga Fabrairun 2014, yana Yamai wurin taro, aka sanar da dakatar da shi bisa zargin almubazzaranci da kuɗin banki. Da ya sauka a Legas jami'an tsaro suka karɓe fasfonsa.

A nan ne katangar 2007 ta nuna ɓarakarta. Sashe na 11 ya yi maganar tsigewa da kashi biyu cikin uku na sanatoci, bai ce komai ba game da dakatarwa. Fadar shugaban ƙasa ta ce ai ba tsige shi aka yi ba. To amma wa'adinsa saura wata uku da 'yan kwanaki, dakatarwar kuwa ba ta da ranar ƙarewa. A aikace bambancin bai wuce na suna ba. Sanusi ya je kotu, babbar kotun tarayya ta ce hurumin kotun ma'aikata ne, kafin a je ko'ina ya zama Sarkin Kano a watan Yuni, magana ta mutu ba tare da hukunci ba. Wannan shi ne babban rashin da aka yi, domin tun daga ranar duk wanda ya hau kujerar ya san sanarwa ɗaya ta isa ta raba shi da ita.

Adalci ne kuma a faɗi ɗaya gefen. Cikin abubuwan da aka tuhumi Sanusi da su akwai biliyoyin da banki ya kashe wajen gine-gine a jami'o'i da gudummawa iri-iri, har da naira miliyan 100 ga waɗanda harin bam na Kano ya shafa a 2012. Ko da niyyar ta yi kyau, kuɗi ne na jama'a da ba su bi ta kasafin da majalisa ta amince da shi ba. Ƙofar da aka buɗe kaɗan a lokacin, magajinsa ya cire ta daga ƙyaure gaba ɗaya.

Emefiele ya hau a Yunin 2014, daidai lokacin da farashin ɗanyen mai ya fara rugujewa. Buhari ya zo a 2015 da tsohon ra'ayinsa na ƙin karya darajar naira, gwamnan banki kuma ya karanci maigidansa sarai. Maimakon a bar farashin dala ya motsa, sai aka koma rabon ta. Aka hana masu shigo da kaya iri 41 dalar gwamnati, daga shinkafa har tsinken sakace. Aka sami farashi kala-kala: na gwamnati, na masu zuba jari, na matafiya da ɗalibai, ga kuma na 'yan canji a Wapa ta Kano da Zone 4 ta Abuja, wanda shi ne na gaskiya ga mai buƙata yau-yau. Duk inda farashi biyu suka zauna a kan kaya ɗaya, mai rabon ya zama sarki, kusanci da shi kuma ya zama jari. Zuwa farkon 2023 dala na kusan naira 460 a hukumance, a kasuwa tana sama da 700.

Daga nan banki ya zama ma'aikatar gona, ya zama ma'aikatar masana'antu, ya shiga wutar lantarki da jiragen sama. A Nuwambar 2015 Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi, aka riƙa ba manoman shinkafa iri da taki da kuɗi rance. Ba gaskiya ba ne a ce shirin bai yi komai ba; noman rani ya faɗaɗa a Kebbi da Jigawa da Kano, injinan casar shinkafa sun ƙaru. Amma an raba fiye da naira tiriliyan ɗaya, kuma Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 kawai aka biya zuwa farkon 2023, banki ya ce a'a, an haura rabi. Ko wanne ka ɗauka, da yawan waɗanda suka karɓa kallon rabonsu na arzikin ƙasa suka yi wa kuɗin. A Janairun 2022 aka jera dalar buhunan shinkafa a Abuja, farashinta a kasuwa bai sauko ba. Bankin da aka ɗora wa duba yadda wasu ke ba da bashi ya zama shi ne mai ba da bashin da ba a biya, babu kuma mai duba shi.

Mafi girman lamarin shi ne wanda jama'a ba su gani ba. Sashe na 38 na dokar ya yarda banki ya ranta wa gwamnati kuɗin cike giɓi na wucin gadi, da sharaɗi biyu: kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare, in ba haka ba ƙofa ta rufe. Lokacin da Buhari ya hau, wannan bashi bai kai naira tiriliyan ɗaya ba. A ƙarshen 2022 ya kai tiriliyan 22.7. Ba wanda ya yi ajiyar wannan kuɗi, ba wanda ya biya shi haraji. Rubuta shi aka yi. Kamar mai ƙara ruwa ne a nono: ƙwarya ta cika, amma kowane ludayi ya rage ƙarfi. Albashin ma'aikaci da ajiyar 'yar adashi da kuɗin fanshon tsoho su suka biya. A Mayun 2023, ana saura kwanaki gwamnati ta sauka, majalisa ta amince a mayar da bashin na shekara 40 da ruwa kashi 9, wato ta wanke abin da aka yi a bayan idonta. Wannan ita ce ainihin ƙofar da aka ajiye gwamna ya tsare.

Saura kuma sananne ne. A Mayun 2022 wasu ƙungiyoyi, ciki har da ta manoman shinkafa, suka ce sun saya wa Emefiele fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC na naira miliyan 100, shi kuma ya je kotu yana neman a tabbatar masa zai iya takara yana kan kujerarsa. Ranar 26 ga Oktoba ya sanar da sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce daga cikin kusan tiriliyan 3.2 da ke yawo, kimanin tiriliyan 2.7 na wajen bankuna, kuma matakin zai karya masu garkuwa da mutane da masu sayen ƙuri'a. Ministar Kuɗi Zainab Ahmed ta faɗa wa sanatoci ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. Aka janye tsofaffin kuɗi, sababbin ba su wadata ba, zuwa Fabrairu kuɗin da ke yawo ya faɗo ƙasa da tiriliyan ɗaya. Mutane suka kwana a layin ATM, masu POS suka riƙa sayar da naira da naira, taransifa ta riƙa maƙalewa. A ƙananan hukumomin Arewa da ba su da reshen banki ko ɗaya, manomi ya karyar da hatsi da dabba ga duk wanda ya zo da tsaba. Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, dukkansu 'yan jam'iyya mai mulki, suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, wadda ta yanke ranar 3 ga Maris, bayan an gama zaɓen shugaban ƙasa, cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. A wannan karon sharaɗin amincewar shugaban ƙasa ya cika, tunda Buhari ya sa hannu. Abin da ya ɓace shi ne wani a cikin ginin da zai tambaya ko kamfanin buga kuɗi zai iya fitar da abin da ake buƙata cikin wannan ɗan lokaci.

Tinubu ya dakatar da Emefiele ranar 9 ga Yunin 2023, kwana goma sha ɗaya da rantsuwa, washegari DSS ta kama shi. Yana fuskantar shari'o'i a Abuja da Legas, ya kuma musanta tuhume-tuhumen. Mutane da yawa sun yi murna, kuma ana iya fahimtar dalili. Amma da sandar da aka doki Sanusi aka doke shi, kuma yawancin waɗanda suka yi Allah wadai a 2014 tafi suka yi a 2023, kamar yadda wasu masu tafin 2014 suka koma kuka. Wanda ya tona da wanda ya bi, hanya ɗaya aka fitar da su.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da irin nasu tsarin da ya kamata a leƙa. Gwamnan bankin da ke buga musu sefa yana Dakar, ƙasashe takwas yake yi wa aiki, kuma babu shugaba a Yamai da zai iya korarsa ko ya tilasta masa buga kuɗi. An ɗaure sefa da yuro, shi ya sa ɗan kasuwar Maraɗi ya ga naira tana zubewa a gabansa shekara bayan shekara. Amma bayan juyin mulkin Yulin 2023, wannan bankin ne ya rufe asusun gwamnatin Nijar bisa takunkumin ƙasashen yankin. Kowane tsari da farashinsa.

Olayemi Cardoso, tsohon shugaban hukumar Citibank a Najeriya kuma kwamishinan kasafi na Tinubu a Legas, ya karɓa a Satumbar 2023 da alƙawarin mayar da banki aikinsa na asali. Ya ce shirye-shiryen rance na baya sun haura naira tiriliyan 10, ya dakatar da su. Ya ɗage haramcin dala kan kayayyakin nan da daga baya suka kai 43. An bar naira ta nemi farashinta, ta wuce 1,500 a 2024. Ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin shekarar, ya sa bankuna su ajiye rabin kuɗin masu ajiya a wurinsa, ya kuma umarci manyansu su kai jarinsu naira biliyan 500. Hikimar ita ce idan bashi ya yi tsada, kuɗi ya ragu a hannu, masu dala daga waje su shigo neman riba, naira ta tsaya. Ta tsaya ɗin daga baya, tazarar kasuwa da hukuma ta kusa rufewa. Sai dai hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, kuma kuɗin ruwa ba ya korar 'yan bindiga daga gonakin Zamfara da Katsina, ba ya rage kuɗin man da babbar mota ke sha daga Dawanau zuwa Legas. Mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa da banki ke nema wa ruwa kusan kashi 30 yana da hujjar yin ƙorafi. Ina ganin duk da haka gara gwamnan da ya san iyakar makaminsa da wanda ya ɗauka zai iya noma shinkafa daga ofis.

Abin da bai canja ba shi ne ginin kujerar. Hukumar da ya kamata ta sa wa gwamna ido, shi ne shugabanta, mataimakansa huɗu na cikinta. A kwamitin kuɗin ruwa, shi da mataimakan nan da mutum biyu da shi ya zaɓo sun kai bakwai cikin 12. Doka ta ce a miƙa wa majalisa da shugaban ƙasa lissafin banki da aka bincika duk shekara, amma na 2016 zuwa 2022 sai a Agustan 2023 jama'a suka gan su, a nan ne aka ga bashin dala biliyan 7 da aka ci daga bankin JP Morgan da miliyan 500 daga bankin Goldman Sachs, waɗanda aka jingina da kadarorin ajiyar waje. Shekara bakwai sanatoci na zaune, suka kuma sabunta wa Emefiele wa'adi a 2019. Gyaran da ake buƙata ba ɓoyayye ba ne: a raba shugabancin hukuma da na gudanarwa, a rubuta a fili ko shugaban ƙasa na da ikon dakatarwa da tsawon kwanakinta, a kuma ɗora hukunci a kan wanda ya ƙetare sashe na 38, mai bayarwa da mai karɓa.

Wa'adin Cardoso na farko zai kai Satumbar 2028, wato zaɓen 2027 a cikinsa zai faɗo, kuma wanda ya naɗa shi tsohon maigidansa ne. Shekarar zaɓe ce gwamnati ta fi buƙatar kuɗi, ita ce kuma ta fi ƙin jin maganar tsadar bashi. Banki na wallafa alƙaluman abin da yake bin gwamnatin tarayya, kuma layin rancen cike giɓi a cikinsu ne zai nuna ko an ce a'a ko ba a ce ba.